Shukar Laraba a Kurgu

Jiya Laraba ƙamshin ruwan farko ya tuno mini da kawuna. Ba ya karɓar hadisi sai ya ji wanda ya ruwaito shi.

Shekarar samun 'yancin kai, wani baƙo daga Dahome ya sauka Kurgu, ya ce Manzon Allah ya hana shuka ran Laraba. Ga ƙasa ta jiƙe, amma kowa ya jingine sungumi.

Kawu ya ce, "Malam, wa ya hwaɗa maka?"

"Malamina."

"Shi kuwa, wa ya hwaɗa mai? Cikin wane littahi?"

Baƙo ya kama sosa ƙeya. Kawu ya saɓa sungumi, muka ɗunguma bayansa. Geron da muka yanka a shekarar sai da ya fi ƙarfin rumbunanmu.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haɗa shi da Manzon da ya ƙi a yi wa ƙarya.