Sunan da Na Haɗiye a Gaban Alƙali

Shekara ashirin da bakwai na yi ina tafinta a kotu a nan Garwa, kuma yawancin ranakun sun cuɗe sun zama abu ɗaya a kaina. Amma akwai wata Talata da ban iya mantawa da ita ba, ranar da aka gurfanar da Ɗanlami mai baro. Tunda ku ne za ku gaje mu a aikin nan, gara ku ji ta daga bakina kafin wani ya ƙara mata gishiri.

Ga wanda bai san kotu ba, ga yadda take. Alƙali da furokira, wato lauyan gwamnati, da Faransanci suke magana. Wanda ake tuhuma kuwa sau da yawa Fillanci ko Hausa kawai yake ji. Tafinta ne ke tsaye a tsakani, bayan ya ɗaga hannun dama ya rantse ba zai ƙara ba, ba zai rage ba. A gefe akwai girefiye, magatakardan kotu, yana rubuta abin da ya fito daga bakin tafinta. Abin da bai shiga littafinsa ba, a wurin doka ba a faɗe shi ba, ko da duk Garwa ta ji.

A lokacin faifan sidi ya fara korar kaset. Sai umarni ya zo daga sama cewa a yaƙi masu kwafar waƙoƙi da fina-finai ba da izini ba. 'Yan sanda suka fita da ƙarfinsu, suka dawo da mutum goma sha ɗaya. Dukansu masu talla ne a ƙafa. Babu ko ɗaya mai shago, balle mai mota. Da yake an kama su da kaya a hannu, ba a buƙaci dogon bincike ba, cikin kwanaki aka kawo su gaban alƙali.

Shari'ar da ta riga ta Ɗanlami ta wani babban ma'aikaci ce, wanda kuɗin rufin makaranta ya ɓace a hannunsa. Bai zo ba. Lauyansa ya miƙa takardar likita cewa yana buƙatar hutu, aka ɗage karo na tara. Minti uku aka yi. Ni kuwa Asabar ɗin da ta wuce na gan shi a wani biki yana fama da cinyar rago, ga alama cikin magungunan da likita ya rubuta masa ne.

Sai aka kira Ɗanlami. Mutum ne mai shekara hamsin, ya yi dakon auduga a Tuboro har bayansa ya ƙi, shi ne ya dawo gari yana tura baron faifai. Aka ajiye kwalin shaida a gabansa. Takardar 'yan sanda ta ce kwalin cike yake, amma da aka buɗe, rabi ne. Fina-finan Indiya duk sun tafi, faifan wa'azi ne suka rage. A ɗakin ajiyar shaida, wasu kayan sun fi wasu saurin ƙafewa.

Furokira ya miƙe ya gyara baƙar rigarsa, ya yi jawabi na kusan minti arba'in. Ya ambaci wayewa, ya ambaci martabar ƙasa a idon duniya, ya nuna Ɗanlami da yatsa har sau uku. Da ya zauna, alƙali ya ce in taƙaita wa wanda ake tuhuma.

Na ce, "Malam Ɗanlami, ya ce kai da irinka kuka kashe al'adun ƙasa."

Ya zaro ido. "Inna lillahi! Yaushe suka rasu?"

Na ce, "Kuma ka ci haƙƙin masu waƙoƙin nan."

Ya ce, "To a kawo su in roƙe su gafara. Suna waje ne?"

Na juya wa kotu wannan. Aka yi dariya a bayan zaure, ɗan sanda ya buga benci. Babu mawaƙi ko ɗaya a waje, kuma ban ji an ce za a aika wa wani cikinsu ko sisi daga tarar da za a ci ba.

Alƙali ya tambaye shi ko shi yake kwafar faifan. Ɗanlami ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ko rediyo ba ni da shi. Sari nake yi a wurin Alhaji Mai-bene. Injinan suna saman shagonsa, guda shida, ko yanzu aka je za a tarar suna aiki. Duk mu goma sha ɗayan nan can muke sari."

Mai-bene ba sunansa na gaskiya ba ne, na canza, don 'ya'yansa suna nan. Amma a ranar sunan gaskiya Ɗanlami ya faɗa, ni ma shi na faɗa da Faransanci, har da injina shida. Na dubi girefiye, na ga alƙalaminsa a sama, yana kallon fankar rufi kamar ranar aka saka ta.

Alƙali ya ce, "Ba a tambaye shi inda yake sari ba. Ya amsa abin da aka tambaye shi."

Na maimaita tambayar. Ɗanlami ya maimaita amsar, ni ma na maimaita sunan. Sai alƙali ya yafito ni da yatsa. Na matsa kusa da teburinsa, ya sassauta murya.

"Misye tafinta, ka daɗe da mu?"

Na ce, "Shekara goma sha ɗaya, Misye Shugaba." Haka ake kiran alƙali da Faransancin kotunmu.

"Na ji ana neman tafinta a can bakin iyaka. Wuri ne mai iska, sai dai ba makarantar sakandare. 'Ya'yanka sun fara girma, ko? Ka fassara amsa, ka bar hira."

Na koma wurina. A ƙa'ida, kafin a yanke hukunci ana ba wanda ake tuhuma maganar ƙarshe. Ɗanlami ya haɗa hannu biyu ya ce, "Ranka ya daɗe, in laifi ne na yi, ban musa ba. Amma a kira Alhaji Mai-bene mu tsaya tare."

Na buɗe baki na ce, "Ya amsa laifinsa, yana roƙon kotu ta yi masa sassauci."

Nan take alƙalamin girefiye ya sauko, ya rubuta da kyau. Furokira ya nemi shekara biyar. Alƙali ya ce saboda wanda ake tuhuma ya nuna nadama, kotu ta tausaya masa: shekara biyu, da tarar da ko an sayar da shi da baronsa ba za ta biyu ba.

A bakin ƙofa matarsa Hajara, mai tuyar ƙosai, ta tare ni. Ta ce, "Malam, ka faɗa musu duk abin da ya ce kuwa?"

Na ce, "Na faɗa."

Ta ce, "To Allah ya isa tsakaninmu da su. Kai dai ka yi naka." Ta yi mini godiya. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Bayan wata guda aka shirya bikin lalata faifan da aka kama, a wani fili, da rumfuna da kujeru da 'yan jarida. Aka tara faifan, motar daɓen hanya ta bi ta kansu, aka yi tafi. Ni aka ɗauko in juya jawabai zuwa Hausa. A ƙarshe mai gabatarwa ya ce a yi godiya ta musamman ga ɗan kasuwa mai kishin ƙasa da ya ɗauki nauyin rumfuna da man motar. Yana layin gaba, cikin farar shadda, ya ɗaga hannu yana murmushi. A wannan karon babu wanda ya hana ni faɗin sunan Alhaji Mai-bene. Da lasifika ma na faɗe shi, sau biyu. Kuma bai yi asara ba: duk mai tallan da aka murƙushe wa kaya, washegari wurinsa ya koma sabon sari.

Ɗanlami bai cika shekara biyun ba, an sake shi da ɗan saura. Wata rana da la'asar ina dawowa daga aiki na gan shi a bakin hanya da baro, ya rame, gashinsa ya yi fari. Rake yake sayarwa. Na so in bi ta ɗaya gefen, amma ya riga ya gan ni.

"Malam tafinta! Zo ka duba mini doka. Rake dai ba shi da mawallafi, ko?"

Na ce, "Ba shi da shi."

Ya ce, "Yana da shi mana. Sai dai Shi ba Ya aiko 'yan sanda."

Ya fere mini gaɓa biyu, ya ƙi karɓar kuɗi. Na tsaya da rake a hannu, na ce, "Malam Ɗanlami, akwai abin da ya kamata in gaya maka game da ranar nan. Maganarka ta ƙarshe..."

Ya ci gaba da fere rake bai ɗago ba. Ya ce, "Na sani. Ba na jin Faransanci, amma sunan mutum ba ya canzawa. Sau biyu na ji shi a bakinka. Na ukun na kasa kunne, ban ji ba." Ya karkaɗe wuƙarsa. "Yaran suna karatu dai?"

Na ce suna yi.

Ya ce, "To madalla. Ko banza ɗaurina ya amfani wani."

Ga abin da na koya, ku kuma ku yi yadda kuka ga dama da shi. Dokar ba ta da laifi a takarda, mai waƙa ya cancanci cin guminsa. Amma a zauren da na yi aiki, doka ba ta iya hawa bene, iyakarta bakin titi. Za a gaya muku tafinta ba kowa ba ne, baki ne kawai na aro. Kada ku yarda. Alƙali ya so a binne sunan nan, girefiye ya ɗaga alƙalami, amma ni ne na haɗiye shi. Kuma idan wata rana kuka ji maƙogwaronku ya ƙi sakin wata kalma, ku tuna mutumin da ke tsaye kusa da ku yana saurare. Ba ya jin Faransanci, amma ba kurma ba ne.