Tayar Baya ta Hagu

Shagon yana bakin titi, tsakanin rumfar mai walda da wani kanti da aka daɗe da rufewa. Ɗaki ɗaya ne da rumfar kwano a gabansa. A ƙarƙashin rumfar akwai injin iska, da rabin duro cike da baƙin ruwa inda ake tsoma taya a nemo huji, da benci mai ƙafa uku da aka tokare kusurwarsa ta huɗu da tsohon rim, wato ƙarfen taya. Mai shagon ya haura sittin. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana faci, kuma tun gashinsa bai yi fari ba ake kiransa Baba Mai Faci.

A da, aikin bai wuce ido da yatsa ba. Ka tsoma taya a ruwa ka ga inda take kumfa, ka lakato yawu ka shafa a bakin bawul, inda ake buga iska, in ya kumburo ka san ta nan iskar ke fita. Yanzu kuwa motoci da yawa zuwa suke da wata fitila ruwan ɗorawa tana ci a gaban direba, mai kama da tukunya da sanda a tsaye a cikinta. Masu facin titin nan duk shi suke turo wa irin waɗannan motoci, don shi kaɗai ke da na'urar duba su.

Safiyar da na fara zuwa don in ga yadda yake aikinsa, wata malamar makaranta ce ta kawo tata. Ta liƙe fitilar da baƙin salatef.

"Malama, wa ya rufe wa motar nan baki?" in ji shi.

"Ni ce, Baba. Ta ishe ni. Sati uku tana ci, an buga iska an buga, ta ƙi mutuwa."

"In ɗalibi ya ɗaga hannu a aji, buhu kike rufa masa?"

"Wani ma da zan samu buhun da na rufa," ta ce, tana dariya.

Ya ɓare salatef ɗin, ya sa ta murɗa makulli. Fitilar ta yi ta ƙiftawa kamar minti ɗaya, sannan ta tsaya cak. Ya ce da a tsaye ta kama tun farko, da iska ce ta yi ƙasa a wata taya. Tunda ta fara da ƙiftawa, mota na cewa akwai tayar da ta daina yi mata magana.

Ya shiga ɗaki ya fito da na'urar. Girmanta kamar tsohuwar wayar hannu, gilashinta ya tsage, an ɗaure bayanta da roba. Ya kara ta a gefen taya daidai bawul, ya danna. Bayan ɗan jim ta yi ƙara, ta nuna lambar tayar, da yawan iskar da ke ciki, da zafinta, da ƙarfin batir. Ta biyu ma ta amsa. Ta uku shiru.

"An cire tayar nan kwanan nan?"

"Ƙusa na taka, wani ya yi min faci a hanyar makaranta."

"Ya yi miki faci, ya karya mata wuya."

Da ya raba tayar da rim sai ga abin ya faɗo, baƙi, bai kai kwalin ashana ba. Sensa ke nan. A jikin bawul ake ɗaure ta daga ciki, ita ke auna iska ta aika wa kwamfutar mota ba tare da waya ba. Mai facin da bai san da ita ba, in ya zura ƙarfe daidai wurin, shi ke nan. Baba ya ɗaura sabuwa da sabuwar robar baki, ya matse noti a hankali, bai cika hannu ba. Sannan ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya da na'urar, gaba hagu, gaba dama, baya dama, baya hagu, har motar ta karɓi lambar kowace. Ya ce mota ba ta sauraron baƙuwar sensa sai an gabatar mata da ita. Fitilar ta mutu.

Da na tambaye shi inda ya koyi wannan, sai ya goge gilashin na'urar da gefen rigarsa, ya ce, "Dogo."

Dogo ɗansa ne, shi kaɗai namiji. A shagon ya girma. Shi ya fara lura cewa motocin da ke shigowa sun canja, shi ya sayo na'urar, shi ya zaunar da ubansa a kan bencin nan ya koya masa danne-dannen. Baban yana cewa ya tsufa da karatu, Dogo yana cewa, "Maɓalli uku ne kawai, Baba, ko Mama za ta iya." Shekara takwas ke nan da tafiyarsa. Yana wata tashar jiragen ruwa mai nisa, yana kula da tayoyin manyan motocin da ke ɗaukar kwantena. Ya yi aure a can, yana da 'ya mai shekara huɗu wadda kakanninta ba su taɓa ɗauka ba, a waya kawai suke ganinta. Takardun zamansa ba su kammala ba. In ya fito yanzu, ba zai iya komawa wurin matarsa da 'yarsa ba.

Motar Dogo tana bayan shagon, a rufe da tampol. Ƙarama ce, ruwan toka. Sati ɗaya kafin ya tafi ya sayo mata sabbin sensa huɗu, ya ce jarrabawar Baba ke nan. Baban ya ɗaura uku yana gumi, Dogo na tsaye a kansa yana gyara masa hannu. Ta huɗu, ta baya ta hagu, Dogo ya ɗaura da kansa don wani ya kawo aiki. Da suka zo gabatar wa mota da su, Dogo ya zauna a sitiyari, baban ya zagaya da na'ura, kowace ta shiga sai motar ta yi ɗan hon. Suna wanke hannu a bakin duron nan baban ya tambaye shi tsawon rayuwar batirin.

"Shekara biyar zuwa goma, ya danganta da yawan tafiya," in ji Dogo. "Kar ka damu, Baba. Kafin su mutu na dawo."

Batirin sensa bai fi kwabo faɗi ba, kuma a rufe yake ruf cikin wani gam mai tauri. Ba a canja shi. In ya ƙare, sensar ta ƙare. Amma tana da dabarar tattali. In mota na tsaye barci take yi, sai jefi-jefi ta yi magana. In taya ta fara juyawa da gudu sai ta farka ta yi ta aike. Duk wanda ke wannan aiki ya san motar da ke yawo ta fi cin batirin sensa.

Shekara biyar Baba yana hawan motar. Da ita yake kai matarsa asibiti saboda ciwon gwiwa, da ita yake ɗauko tayoyi. A shekara ta shida ta gaba ta dama ta yi shiru. Bayan wata biyu ta gaba ta hagu ta bi ta. Yana da sabbi a cikin durowa, aikin rabin awa ne, amma bai canja ba. Ya tura motar bayan shago, ya ɗaga ta da jak, ya ɗora ta a kan katako huɗu don kada tayoyin su kwanta. Kowane sati yakan tayar da injin ya bar shi ya yi ɗumi, ba ya sa giya. Duk da haka, bara ta baya ta dama ta mutu a cikin barcinta. Saura ɗaya.

Mai walda, wanda suka yi shekara talatin suna maƙwabtaka, ba ya raga masa.

"Tsoho, ka sayar min da gawar nan in yanka ta in yi ƙofofi," ya ɗago murya daga rumfarsa.

"Ƙofofin da kake yi ko akuya ba sa tarewa."

"Mutum da mota, matarsa na tsayuwa a rana tana tare ta haya. Wallahi da ni ce ita da na kai ka ƙara."

Da baban ya shiga ɗaki, mai waldan ya rage murya. Ya ce da farko kullum da safe sai tsohon ya je ya kara na'ura a tayar nan kafin ya buɗe shago. Daga baya ya tuna cewa duk lokacin da na'ura ta tashi sensa daga barci sai ta ci ɗan batir. Ya koma sati-sati. Yanzu ranar ɗaya ga wata kawai yake dubawa. Wata uku ke nan na'urar na nuna batirin ya yi ƙasa.

Baba bai taɓa gaya wa Dogo halin da motar ke ciki ba. In ya kira ranar hutunsa, hirar iska da tayoyi suke yi, yarinyar ta leƙo ta nuna wa kakanta haƙorinta. Maman Dogo ce ta yi suɓul da baka. Yana tambayarta gwiwa, ta ce gwiwa da sauƙi, hawa motar haya ne wahala, tunda babansa ya ɗora mota a kan katako saboda wata fitila.

Bayan sati shida saƙo ya iso. Ƙaramin kwali ne, da sabbin sensa huɗu a ciki, kowace a ledarta, da 'yar takarda da rubutun Dogo: "Baba, masu kyau ne. An ce suna kai shekara goma."

Na koma shagon ranar ɗaya ga wata. Maman Dogo ta kawo abincin rana, tana zaune a kan benci ta miƙe ƙafa ɗaya. Kwalin yana kan injin iska, an buɗe an sake rufewa.

"Alheri ya nufa, Malam," ta ce. "Ya ji mota ta lalace ya aiko da kayan gyara. Me kuma kake so?"

"Shekara goma ya rubuta."

"Batir yake nufi, ba kansa ba. Maganar nan wasa ya yi ta, kuna wanke hannu. Ya ma manta."

"Ni ban manta ba."

"Ni na haife shi, ka ga na ɗora kaina a kan katako?"

Ta juya kai tana kallon titi.

Wayar Baba ta yi ƙara wajen ƙarfe ɗaya. Injin iska ya rage masa ji, don haka a buɗe yake sa murya, duk rumfar na ji. Bayan gaisuwa Dogo ya ce, "Baba, saƙo ya iso?"

"Ya iso. Allah ya yi albarka."

"Ka ɗaura?"

"Ban ɗaura ba."

"Ba su dace ba ne?"

"Sun dace. Aikin na mutum biyu ne. Ɗaya a sitiyari, ɗaya a taya."

Dogo ya yi dariya. "Haba Baba, kullum kai kaɗai kake yi wa mutane."

"Motocin mutane ke nan."

Dariyar ta tsaya. Ana jin ƙarar ƙarafa daga can inda yake, da wata mota tana ja da baya. Mai walda ya kashe injinsa. Sai Dogo ya ce, da wata murya daban, "Nawa suka rage?"

"Ɗaya."

"Wace?"

"Baya ta hagu."

"Tawa," in ji Dogo. Sannan ya ce, "Kana tashinta?"

"Sau ɗaya a wata."

"Ka daina, Baba. Ka bar ta ta yi barcinta. Masu takardun sun ce wata shida. Na san sun sha faɗa, ni ma na sha faɗa muku. Amma ka daina tashinta."

"Na ji."

"Sabbin ma kar ka kara musu na'ura. A kashe suke zuwa, ba sa cin komai sai an tashe su."

"Ni za ka koya wa?"

"To wa ya koya maka?"

Maman Dogo ta karɓi wayar ta nemi a ba ta jikarta. Baban ya ɗauki kwalin ya kai ɗaki, ya sa shi a durowar ƙasa, ba wadda yake ajiye na sayarwa ba. Ya fito da na'urar a hannu kamar yadda ya saba kowane ɗaya ga wata, ya zagaya bayan shago. Ya ɗaga gefen tampol, ya tsuguna a gaban tayar baya ta hagu, ya share ƙurar da ke kan murfin bawul da babban yatsa. Ya daɗe a tsugune. Bai danna ba. Ya sa na'urar a aljihu, ya sauke tampol ɗin, ya danne gefensa da dutse.

Jibi ranar asibiti ce. Ya ce zai rufe shago da safe ya raka matarsa bakin titi, ya tsaya da ita har a samu motar da ke da kujera a gaba, inda za ta iya miƙe ƙafa.