Nma Mai Hoto da Faifan da Aka Ce Ya Lalace

Duk wanda ya yi biki ko suna a unguwar Shango ta Minna shekarun baya, da wuya a ce Nma bai ɗauke shi hoto ba. Banufe ne daga Bida. Ya zo Minna yana saurayi ya koyi sana'ar, daga baya ya buɗe ɗan shagonsa a bakin titi. Ranar kasuwar Paiko ko Gwada yakan hau babur da kyamara a wuya, ya ɗauki manoman doya da matan Fulani masu tallar nono, kasuwa mai zuwa ya kai wa kowa nasa. Ba shi da yawan magana, amma an san shi da adana. Ko bayan shekaru ka dawo ka ce hotonka ya ɓata, zai wanke maka wani.

Da aka daina amfani da fim ɗin kyamara, wani malamin kwamfuta ya haɗa masa na'ura da babban faifan ajiya. Nma ya bi tsofaffin hotunan ya zuba su ciki, har da na matarsa Rashidatu tun daga ranar aurensu. Na takarda kuwa, ruwa ya cinye yawancinsu wata damina da iska ta yaye rufin shagon. Bai damu sosai ba, tunda komai yana cikin faifai.

A shekarar da Rashidatu ta rasu, tsohuwar kwamfutar ta mutu. Ya sayi sabuwa ya jona faifan, sai jan rubutu ya cika allo, wai faifan ya lalace, abin da ke ciki ya hargitse. Ya kai wa masu gyara biyu a kasuwa, na'urorinsu suka faɗi haka. Ɗayansu ya ba shi shawara a goge shi a ci gaba da amfani da shi. Nma ya ƙi, ya naɗe shi a tsumma ya sa a ƙasan akwati.

Mutane ba su daina zuwa ba. Wata Bafulatana mai suna Haula ta zo daga Gwada neman hoton mahaifinta da ya rasu, ta ce shi kaɗai aka taɓa ɗaukarsa a duniya. Nma ya sunkuyar da kai ya ce babu. Tun daga nan ya rage zama a shago, daga baya ya rufe shi. Ciwon suga da yake fama da shi ya taɓa idanunsa, gani ya yi ta raguwa har ya koma ba ya bambance komai sai haske da duhu.

'Yarsa Kafayatu ce ta ci karo da faifan tana gyaran ɗaki. Ta kai wa ƙawarta Hope, wadda aikinta kula da manyan kwamfutocin wani kamfani ne. Hope ta fara kwafe faifan gaba ɗaya kafin ta taɓa komai, sannan ta gano matsalar. Kowane faifai yana da sashen da yake rubuta inda kowane fayil yake zaune. Na Nma an rubuta shi ne da tsohon tsari, sabuwar manhajar da ke duba lafiyar faifai ba ta san tsarin ba, shi ne take ɗaukarsa a matsayin ɓarna. Hope ta mayar da sashen zuwa sabon tsari, gargaɗin ya ɗauke. Ko hoto ɗaya bai salwanta ba.

Tare suka zo gidan bayan la'asar. Hope ta durƙusa ta gaida Nma, ta yi masa bayani a hankali. Ya juyo wajen muryarta ya ce:

"Wato, 'yata, tun farko lafiyarsa ƙalau?"

"Ƙalau, Baba. Na'urar ce ba ta gane rubutunsa ba."

Ya ce wa Kafayatu ta buɗe hoton mahaifiyarta. Ta buɗe, ta gaya masa Mama ce zaune a bakin ƙofa da koren zani, tana tsince shinkafa, tana dariya. Ya matso da fuskarsa dab da allon, ya ja baya.

"Ci gaba da faɗa mini," in ji shi. "Me ke bayanta?"

Haka suka riƙa yi kullum da yamma. Hotunan gida ba su ba su wahala ba. Na mutanen kasuwa da ƙauyuka ne suka gagara, don Nma bai taɓa rubuta suna a jikin hoto ba, da ido yake gane kowa. Kafayatu takan kwatanta masa hula ko tsagen fuska, wani lokaci ya canka, sau da yawa ya girgiza kai.

Ya rasu bayan ƙaramar salla, aka binne shi a Minna. Faifan yana hannun Kafayatu. A ciki akwai dubban fuskokin da ba ta san ko su waye ba, kuma ba ta san wanda za ta tambaya ba.