Rabin Kitso Daga Kalgo Zuwa Gwandu

Da jakar goyo ɗaya na baro Kaduna, ni kaɗai, don in ga Gwandu, garin kakata. Yayata ta raka ni tasha tana dariya, wai sarkin surutu irina ba za ta yi kwana uku babu abokin hira ba. Na ce mata ta zuba ido.

A Kalgo na fara sauka. Ƙawar yayar tawa, malamar asibiti, ta bar mini makullin ɗakinta ta tafi hutu. Ranar farko yawo na sha, daga kasuwa zuwa bakin fadama, na ci soyayyen kifi har da suɗe yatsu. Washegari da hantsi na ga wata akuya ta ɗare buhun shinkafa tana kallon jama'a kamar ita ce mai shagon. Na juya zan ce "Kin gani?", babu kowa. Nan take kifin jiya ya fita daga raina. Na koma ɗaki na haɗa kaya, tunanina duk yana kan motar gida. Dariyar yayata kaɗai ta riƙe ni.

Ba zan faɗa gidan mutane in ce a yi mini hira ba. Amma mace mai tsefaffen kai ai tana da hujja. Na zauna na tsefe sabon shukuna tas, na tambayi mai ƙosai gidan makitsiya.

Dattijuwa ce mai ƙarfin hannu. Ta kifa kaina a cinyarta, ta tsaga da kibiya, sai ta dakata.

"Ke ɗiyar ga, kan nan ko ƙura babu. Yaushe anka yi maki na baya?"

"Kwana uku, Inna."

"To mi ya kai ki tsehe shi?"

"Na rasa wanda zan yi magana da shi ne. A ci gaba don Allah."

Matan tsakar gidan suka kwashe da dariya. Ɗaya ta ce, "Da sallama kawai kinka yi, mu ba mu cizo." Aka miƙo mini fura. Na ba su labarin akuyar, ashe sun san ta, har mai ita sun sani. Na yi surutu sai da maƙogwarona ya bushe, har na faɗa musu gobe gida zan koma.

Inna ta gama ɓangaren dama ta goge hannu. "Tashi."

"Inna, saura rabi fa!"

"Na gani, ba makauniya nike ba. Ƙanwata na Gwandu, hannunmu ɗaya. Ki tahi ta ƙarasa. In kuma Kaduna za ki kai rabin kai, ga hanya nan."

Na so in yi masifa, dariya ta riga ta. Ta yi mini kwatance, na tamke ɗankwali, na zura hijabi. Da safe motar Gwandu na shiga, gefen kaina ɗaya a ɗaure tamau, ɗayan buzu-buzu kamar sheƙar tsuntsu.

Ƙanwar tana ɗaga ɗankwalin ta ce, "Wannan aikin Yaya ne. Zauna, ki gaya mani laihin da kinka yi mata."

Kwana biyu na yi a gidanta, ita ta nuna mini unguwar su kakata. Da yayata ta kira tana tambayar yaushe zan dawo, na ce ta ƙara haƙuri: an bar mini ƙafa ɗaya babu lalle, mai ƙarasawa kuma tana can garin Dalijan.