Yadda Munka Kai Maganin Basira Ɗakin Gwaji

Mun tashi daga Goronyo bayan sallar asuba, ni da surukina da wani malamin islamiyyarmu, a motar da albasa ta fi mutane yawa. Abin da ya fid da mu gida ƙwayoyin nan ne da ake kira maganin basira. A jikin kwalbar an rubuta zogale da habbatus sauda da lubban. Jikata mai haddar Alƙur'ani ta jima tana sha, barci ya ƙaurace mata, hannunta na rawa in ta ɗauki kofi. Ni na saya mata, ina ganin gata na yi mata. Ga shi kuma makarantarsu za ta raba wa duk 'yan hadda kafin musabaƙa. Da na yi magana, shugaban makarantar ya ce, "Baba, kawo shaida. Mu ƙoƙari kawai munka gani."

Na taɓa kai maganin wani ɗakin gwaji a Sakkwato, anka maido ni. Na daka shi na kwaɓa da zuma da ruwan rubutu, yadda muke ba yara. Ma'aikaciyar ta ce ba ta san haɗin wa za ta gwada ba, nawa ko na masu shi. Ta ce in kawo kwalabe a rufe daga kasuwanni daban-daban.

Da hantsi munka shiga Wurno. Shinkafa ta yi kore shar a fadama, injinan ban ruwa na ta ƙugi. Munka karya da ƙosai mai zafi, ga araha. Da na nemi kwalba ɗaya, mai shagon magani ya dube ni ya ce, "Alhaji, da furfurar nan hadda za ka koma?"

Na ce, "Mi ya hana? Sunan matata ma sai na yi tunani."

Muna cikin dariya wani manomi daga Kwargaba ya sayi tasa kwalbar. Ya ce su don ban ruwa suke sha, mutum ya kwana tsaye bakin injin ba gyangyaɗi. A mota malam ya ce mani, "Baba, tun ina yaro nike cin zogale, bai taɓa hana ni barci ba."

Hanyar Rabah ta jijjiga mu sosai, rami na miƙa mu ga rami. Can munka sha fura da nono mai kauri. Kwalbar da munka samu iri ɗaya ce da ta Wurno, rubutu ɗaya, amma ƙwayoyin ciki jajaye ne, waɗancan farare. Mai sayarwa ya ce ai duk albarka ɗaya ce.

A Sakkwato munka miƙa kwalaben ɗakin gwaji, munka sauka wurin ƙanwata har sakamako ya fito. Ma'aikaciyar ta zaunar da mu ta ce, "Baba, ba zogale, ba lubban, ko ƙanshinsu. Garin sitaci ne da sinadarin hana barci mai yawa. Jajayen kuma har da maganin ciwo mai sa maye." Labari ne marar daɗi, amma wallahi na ji daɗin da na daɗe ban ji ba, don shaida ta samu. Malam bai jira munka fita ba, nan take ya kira shugaban makaranta.

Kafin mu iso Goronyo an rufe kwalayen maganin da makaranta za ta raba a ofis, ba yaron da anka ba ko ƙwaya ɗaya. Shugaban ya tarye mu bakin tasha ya ce, "Baba, ka fi mu gaskiya." Iyaye sunka yi ta kawo nasu kwalaben, anka miƙa wa hukuma. Jikata tana ganin likita, rawar hannun ta ragu.

Abin da tafiyar nan ta koya mani, rubutun jikin kwalba mai sayarwa ne ya rubuta shi. Duk abin da zai shiga cikin yaro, a bari masu gwaji su fara gani. Alhamdu lillahi da Ya kai mu lafiya, Ya maido mu da hujja a hannu.