Telan da Shuka Ta Rufe wa Allo

Ina jiran mota, ga wani tela a tsaye kan kujera a ƙofar shagonsa, gumi na bin furfurarsa. Shuka mai yaɗo ta haye bango ta rufe allon shagon ruf.

"Sare ta ka huta, Malam!" in ji maƙwabcinsa mai aski.

"Don inuwa na dasa ta, yanzu masu kawo ɗinki wucewa suke yi!" in ji telan, yana huci.

Ya zaro almakashi, ya kama reshe, sai ya tsaya. Da gani, ya yi shekaru yana ba ta ruwa. Ya ja tsaki, ya yanko ƙyalle, ya ɗaure reshen gefe a hankali.

"Saura ki sake dawowa," ya ce mata.