Tsiron Sha'ir a Kan Soronmu

Shekarun baya kaɗan, lokacin ina aji biyu a sakandare, babu gidan da ake dama sobiya, abin shan nan mai sanyi, tsakanin Anbariyya da Ƙuba da ban san ɗanɗanon tasu ba. Ƙawayena har tsokanata suke yi, wai da ana jarrabawar sobiya da ni ce ta ɗaya, maimakon jan biron da nake kwasowa a lissafi. Kurɓi ɗaya zan yi in ce wannan ta busasshen burodi ce, waccan an cika mata kirfa don a ɓoye tsami. Amma duk Madina ban sha irin ta mahaifiyata ba.

Ita da sha'ir take yin tata. Sai ta jiƙa shi, ta baza a kan soro ƙarƙashin jiƙaƙƙen buhu har ya yi tsiro, ta shanya, ta niƙa, ta dama a randa da zabibi da kayan ƙamshi. Daga nan ta zuba ludayi ɗaya na ragowar ta jiya, wanda take kira uwa. Wannan uwar tun daga hannun kakata take. Kwana ɗaya sobiyar ke yi. Wadda ta fara cizon harshe kuwa, a magudana take ƙarewa.

Mahaifina ya rasu, yana kwance a maƙabartar Baƙi'a. Mahaifiyata tun tana goye aka zo da ita daga cikin Hausawan Sudan, har lokacin kuma da iƙama, wato takardar izinin zama, take zaune. Burinta ɗaya ne, a binne ta inda aka binne shi.

Bayan Hajjin wannan shekarar wani dattijo daga garin su mahaifina a ƙasar Hausa ya zo ziyara shi da matarsa, muka ba su ɗakin ƙasa. Kullum bayan la'asar sai ya sha kofi uku na sobiyar, yana lumshe ido yana cewa, "Hajiya, wannan ko a Aljanna sai an yi layi."

Rannan ya hau soro shanya rigarsa, ya ɗaga buhu ya ga tsiro. A garinsu, in ji shi daga baya, masu burkutu kaɗai ya taɓa gani suna tsirar da hatsi. Bai sauko ya tambayi matar da ke ciyar da shi ba. Sai ya sa hularsa ya fita.

Na dawo daga makaranta da azahar na tarar da mota a ƙofarmu. Mutum biyu na hukuma ne da umda, wato mai unguwarmu, ga dattijon a gefe yana jan carbi. Mahaifiyata na tsaye bayan labule. Tsoro ya kwashe mata Larabci kaf, Hausa kawai ke fita. A bakin ɗaya daga cikinsu na ji kalmar tarhil, wato a kore ta zuwa ƙasar da ba ta san ko titi ɗaya a cikinta ba. Na tsaya a bakin ƙofa.

"Ya binti, zo ki fassara," in ji umda.

Babba daga cikin mutanen hukumar ya buɗe randa ya sunsuna. "Wa ke shan wannan?"

Ban san inda na samo murya ba. Na ce, "Duk layin nan. Shi ma Baba Alhaji kofi uku yake sha kullum, sannan ya tafi Harami sallar magariba."

Mutumin ya juya ga dattijon. "Da gaske ne, ya Hajj? Ka san in giya ce, wanda ya sha ma yana da nasa hukuncin. Ka taɓa jin kanka ya juya?"

Na fassara masa kalma bayan kalma, ban rage masa komai ba. Carbin ya tsaya.

"A'a, ni ban ji komai ba," ya ce. "Sai dai sanyi. Da ma tsiron ne ya ba ni shakka."

Umda ya ɗebi kofi ya shanye a gabansu, ya goge gemu ya ce sobiya ce, sukari ne ma ya ɗan yi mata kaɗan. Na ɗauka an gama. Sai babban ya ce tunda magana ta fita, a zubar da komai don a rufe bakin mutane. Da hannunta mahaifiyata ta karkata randunan a magudana. Har uwar.

Ba a kore ta ba, alhamdulillahi. Amma ba ta sake jiƙa sha'ir ba. In na roƙe ta sai ta ce, "Ke dai bar ni in mutu kusa da ubanki."

Abin da ya fi ƙona min rai ya faru ne ranar da za su tafi filin jirgi. Dattijon ya tsaya a zaure da jakarsa ya ce, "'Yata, babu sauran abin nan mai sanyi? Hanya da ƙishi." Na buɗe baki, mahaifiyata ta matse min hannu, ta miƙa masa ruwa da ƙullin dabino, har da addu'ar sauka lafiya.

Har yau in aka buga ƙofa da ƙarfi, sai na leƙa kafin in buɗe. A kantin bakin layinmu kuwa ga ruwan sha'ir na gwangwani nan jere a firji, wanda ba ya sa maye, sunansa ma bira, kowa na saye ba wanda ya aiko mota. Na taɓa kurɓa sau ɗaya, ɗanɗanon ƙarfe ne da kumfa. Na zagaya gidajen sobiyar da na sani ko zan dace da wadda ta yi kama da tamu. Wata mai sobiya a Ƙuba ta ba ni ludayi ɗaya na uwar tata in kai wa mahaifiyata. Ta sunsuna, sannan ta ce in mayar mata da kayanta kafin wani ya gani.